Wuta ta cinye ciyawar rani, an kawo mana barguna

Ɗan Tarka:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu yi magana kan wutar dajin da ta tashi makon jiya can arewa, da abin da ƙaramar hukuma ta yi bayan ta mutu. Ba zan kama sunan garin ba don kada a ce da wani nake, kuma abin da zan faɗa ya shafi kusan duk inda ake kiwo daga Dakoro zuwa Bermo.

Waɗanda suka kashe wutar makiyaya ne da mutanen ƙauyukan kusa, da ɗanyun rassa da tsofaffin buhuna. Da ta mutu sai ga tawaga daga meri, wato ofishin ƙaramar hukuma. An yi jaje, an raba shinkafa da tabarmi da barguna ga waɗanda bukkokinsu suka ƙone. Allah ya saka, ban raina ba. Amma an rubuta bukka nawa, rumbu nawa, akuya nawa, ba a ce komai kan ciyawa ba. Ciyawar nan ita ce abincin dabbobi daga yanzu har faɗuwar ruwa. Wanda bukkarsa ta ƙone zai sake kafa wata cikin kwana biyu. Wanda wurin kiwonsa ya ƙone fa? Kuma me ya sa ba a share hanyoyin tare wuta ba tun ciyawa tana ɗanya, bayan kowa ya ga irin daminar da aka yi?

Hajiya Mai Cuku:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matan da ke kawo mini cuku daga can sun aiko cewa gobe za su tashi, ba su san inda za su sauka ba. Saniyar da ba ta ƙoshi ba ba ta ba da nono, in babu nono babu cuku, babu kuɗin gero. Wannan asarar ba ta shiga takardar kowa.

Ɗan Sabon Gari:
Ina 'yan kwana-kwana suke? Ba lamba 18 ake kira ba?

Baba Malamin Daji:
Yaro, lamba 18 ta gobarar gida ce da kasuwa. Daga Maradi zuwa Dakoro kaɗai ya wuce kilomita 100, Bermo tana gaba, daga nan kuma sai rairayi. Ko motar ta isa, tankin ruwa ɗaya me zai yi wa wutar da bakinta ya kai kilomita da yawa, iskar hunturu na kora ta? Wutar daji ba a kashe ta da ruwa. Hana ta abinci ake yi.

Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, bari in faɗa muku yadda abin yake. Shekarar da aka samu ruwa sosai ita ce shekarar wuta. Mutane suna murna karangiya da burburwa sun rufe ƙasa, mu kuwa a lokacin hankalinmu ke tashi, domin ciyawar ta haɗe babu tsakani. Ku tuna daminar 2024 da ta rushe gidaje a cikin birnin nan: ruwan da ya yi mana ɓarna a gari shi ya cika daji da ciyawa. Daga Oktoba ta bushe ƙayau, kuma a lokacin ne iska ke juyawa ta fara busowa daga arewa maso gabas.

Hanyar tare wuta fili ne da ake sharewa tas, faɗin mita 15 zuwa 20, a kwashe ciyawar a fitar da ita. A gicciye da iska ake yanka ta, sannan a yi wasu su ratsa ta, daji ya rabu gida-gida, in wuta ta kama gida ɗaya ta tsaya nan. Abu biyu ke ɓata aikin. Na farko a share a tara ciyawar a bakin hanyar, wannan ka yi wa wuta gada ne. Na biyu a makara. Hanyar da aka yanka a Disamba ta tarar wuta ta riga ta wuce.

Kuma ko an kashe, a bi baya a duba busasshen kashin shanu. Yana riƙe wuta a ciki ba a gani, iska ta mirgina shi ya tsallake hanya, da dare abin ya dawo sabo.

Mushe Ilu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora lissafi a kai, tunda Ɗan Tarka ya ce ba a ƙirga ciyawa. Ana ƙirga ta a ofis. Masana kiwo suna ɗaukar dabba mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni, suna cewa tana cin busasshen abinci kilo 6.25 a rana. Rani wata 9 ne, kwana 270. Ka ga kusan kilo 1,700 ke nan na saniya ɗaya. Da wannan ma'aunin ake fitar da rahoton abincin dabbobi kowace shekara bayan damina. To in ana iya auna ciyawar da ta tsiro, ana iya auna wadda ta ƙone, a ce ta shanu kaza ce. Matsalar ita ce ba ta da mai ita a takarda. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne, na ƙasa ne, kowa ya shiga. Abin da aka ce na kowa ne, ranar da ya ƙone ba wanda zai zo da takarda ya ce a biya shi.

Tsohon Kansila:
Na karanta duka. Ni na zauna a majalisar ƙaramar hukuma, daga zaɓen Disamban 2020 har aka rusa majalisun a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi. Ba kare kowa zan yi ba, amma ku san abin da ke cikin tukunyar kafin ku ce an hana ku tuwo.

Kuɗin meri na ƙauye daga ina yake? Lanho, wato harajin kai, wanda rabin mutane ba sa biya, sai harajin kasuwa da na tasha. Albashin ma'aikata da man mota sun cinye kusan duka. A 2016 gwamnati ta sa hannu cewa ta miƙa wa ƙananan hukumomi harkar ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya iso, kuɗin bai biyo shi yadda ya kamata ba. Hanyoyin tare wuta da kuke gani, yawancinsu da kuɗin Yamai ake yin su ko na furoje, a biya mutane su share. Mu namu shi ne mu rubuta buƙata mu jira. Kafin a amince, a turo, a zaɓi ƙauyuka, a rubuta sunayen ma'aikata, kaka ta wuce.

Ɗan Tarka:
Ranka ya daɗe, na ji, amma ban gamsu ba. Ni dillalin dabbobi ne. Duk ranar kasuwa, kowace saniya da raƙumi da tunkiya da ta shiga kara sai an yanka mata tikiti, in an sayar a sake karɓa. Kai ma ka san a yankin kiwo kasuwar dabbobi ita ce babbar hanyar kuɗin meri. Dabbar nan da me ta yi ƙiba har ta yi kuɗi? Da ciyawar. To ko kashi ɗaya cikin goma na harajin kara ba za a iya ware wa ciyawar ba? Ba tarakta na ce a saya ba. Manjagara, da hauya, da man babur na masu kai labari.

Tsohon Kansila:
Ana iyawa. Mun taɓa sa layin a kasafin kuɗi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin da ake buƙatar kuɗin, Satumba, shi ne lokacin da asusu ya bushe, ga shirin komawa lakwal, ga zazzaɓin cizon sauro ya cika asibiti. Ka zo ka ce wa magajin gari ya bar rufin aji ya je share daji inda wuta ba ta riga ta tashi ba. Barguna kuwa ana ɗaukar hotonsu. Gaskiya ce mai ɗaci, amma ita ce.

Hajiya Mai Cuku:
To ai ka faɗi da bakinka, Alhaji. Ihu bayan hari shi anka fi so.

Jikan Ardo:
Salamu alaikum. Ni daga daji nike rubutu, sai na hau tudu nike samun rezo, ku yi haƙuri in na yi jinkirin amsa.

Kullum in wuta ta tashi sai a ce makiyaya ne da shayinsu. I, akwai yaron da ka tashi ya bar garwashi bai binne ba, ba mu musu. Amma wa ya fi mu asara? Akwai mai jefa guntun sigari daga bisa mota, akwai mafarauta masu turara ramin gafiya, akwai masu ɗibar zuma, akwai motar da ka ratsa cikin ciyawa salansa na zafi. Su duka in wuta ta tashi gida suka tafiya. Mu muka kwana muna bugu.

Abin da nike so mutanen birni su gane shi ne wanga: in ciyawar arewa ta ƙone, garke ba ya tsayawa ya mutu, kudu ya ka yi. Kuma yanzu ba a saki gonaki ba, wake na ƙasa, dammunan hatsi na gona. Burtali kuwa ya matse, abin da ya rage garmani ya cinye, dabba ba ta samun abin ci a ciki. Daga nan sai ɓarna, sai faɗa. Manyanmu ba su manta rikicin manoma da makiyaya na Toda, wajen Gidan Rumji, ba, 1991, inda anka kashe mutum sama da 100, yawanci mata da yara. Allah kada ya maimaita. Wanda ya share hanyar wuta a Bermo, rigimar Gidan Rumji ya kashe tun ba ta taso ba, ko bai sani ba.

Mushe Ilu:
Amin. Kuma a tuna 2010, yadda dabbobi suka zube a wajen Gadabeji saboda rashin ciyawa, mutum ya sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Waccan fari ne ya jawo. Amma a wurin saniya, ciyawar da ba ta tsiro ba da wadda ta ƙone duk ɗaya ne.

Ɗan Sabon Gari:
Gadabejin da aka kai wa raƙuman dawa? Su ai ana tsaronsu da mota da bindiga. A ce wa hukuma shanun ma raƙuman dawa ne, gobe za ku ga tarakta.

Baba Malamin Daji:
Kai dai ba ka rabuwa da ba'a. Gandun Gadabeji tun 1955 aka keɓe shi, hekta 76,000, kuma a 2018 aka kawo raƙuman dawa daga Kure. Wuta ba ta san iyakar gandu ba. In ta taso daga waje ta shiga, in ta taso daga ciki ta fito, shi ya sa ma'aikatan wurin da makiyayan kewaye dole su yi aiki tare.

Amma akwai abin da ke damuna, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Da can mai gari ko ardo ko shugaban Buzaye shi ke sa a yi shela, a fito gayya, a kewaye rijiya da mashekari da rumbuna. Ba a biyan kowa. Da aka fara biyan kuɗi kan kowace kilomita, abin ya taimaki talaka, ban ce bai taimaka ba, ya hana wasu tafiya cirani. Sai dai yanzu in ka ce a fito, tambayar farko ita ce nawa ne. Shekarar da furoje bai zo ba, ko taku ɗaya ba a sharewa. Na ga ƙauyen da suka ƙi taɓa tsohuwar hanyarsu don kada masu rubuta suna su zo su tarar an riga an yi.

Jikan Ardo:
Baba, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Gayya ta kewaye ruga da rijiya, wannan muna yi har gobe. Amma kilomita 30 cikin dajin da babu kowa, wa za ya yi ta kyauta, ya bar garke da wa? Kuma ciyawar da munka tsare, baƙo daga Tawa ko Damagaram ko Najeriya za ya zo ya ci, ba mu hana shi, haka doka ta ce, haka al'ada ta ce. To aikin da amfaninsa na kowa ne, hukuma ya kamata ta ɗauka.

Baba Malamin Daji:
Ka yi gaskiya kan dogayen. A raba: na kusa da gida na jama'a, na tsakiyar daji na hukuma. Abin da na ƙi shi ne a zauna jiran na biyun har a bar na farkon.

Mai Amalanke:
Ku ba ni wuri in sa baki, ko da yake na san mu masu sayar da ciyawa ba a son ganinmu a wanga zance. Ana cewa muna kwashe abincin dabbobin daji muna kai ma masu kiwon rago a birni. To ga shawara. Baba ya ce ciyawar da anka share dole a fitar da ita. Kilomita ɗaya mai faɗin mita 20 hekta 2 ke nan, Mushe ya gyara mini in na yi kuskure. A shata muna layi, mu share, mu kwashe, ciyawar ta zama ladarmu. Meri ba ta kashe ko dala ba.

Mushe Ilu:
Lissafinka daidai ne, hekta 2. Kuma shawarar ba ta saɓa wa doka ba. Dokar kiwo ta 2010 ba ta bar kwasar ciyawa sakaka ba, mai kwasa don sayarwa sai da izinin magajin gari. Ke nan meri tana da abin da za ta yi ciniki da shi: ga izini, amma a kan wannan layin kaɗai.

Jikan Ardo:
Hmm. Mun san ku. A ba ku mita 20, mu dawo mu tarar da 200. Kuma inda ciyawa ta fi kyau, kusa da hanyar mota, nan za ku so, ba inda iska ta ce ba. Wa za ya tsaya kanku?

Mai Amalanke:
Kai ka tsaya. A sa ɗanku ɗaya, da ma'aikacin gandun daji ɗaya, a kafa turaku. Wanda ya ƙetare a karɓe izininsa. Amma kada ka manta mu ma in ta ƙone ba mu da abin ɗauka.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi a hankali da "mun san ku" da "ku ne". An goge saƙo biyu da suka zagi ƙabila. Wanda ya sake, waje.

Hajiya Mai Cuku:
Ni kuma ina da magana kan ciyawar da aka kawowa gari. A duba inda aka tara ta. Unguwarmu akwai mai jibge ta bisa rufi, dab da wayar lantarki, ƙasa kuma mata na suya. Mu mutanen Maradi bai kamata a tuna muna abin da busasshiyar ciyawa ka yi ba. Ran 8 ga Nuwamban 2021 azuzuwan zana sunka kama a lakwal cikin garin nan, yara sama da 20 sunka rasu. Har yau in na wuce rumfar zana da yara a ciki gabana faɗuwa yake.

Mushe Ilu:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan wannan ne gwamnati ta hana sa 'yan rainon yara a azuzuwan zana. A watan Afrilun shekarar an yi irinta a Yamai. Ni har yanzu a ajin zana nake koyarwa, Hajiya, kuma abin da na iya yi shi ne na sa aka share kewaye, aka buɗe ƙofa biyu.

Tsohon Kansila:
Amin. Bari in dawo kan abin da za a iya yi, don kada mu watse da baƙin ciki kawai. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa yanzu ake haɗa shi, kafin ƙarshen shekara. Tunda babu majalisa, kantoma da sakatarensa ke riƙe da alƙalami, kuma wannan yana da kyau da muni: babu kansilan da za ka kama, amma mutum ɗaya in ya yarda an gama. Ku rubuta takarda, kada ta yi tsawo. A ware wani kaso na harajin kara, a ajiye shi daban tun watannin da kasuwa ke ci, wajen babbar salla, kada a jira Satumba. A sa Kofo, wato kwamitin kula da filaye, ta shata layukan tare da ardo-ardo da masu gari tun ruwa bai ɗauke ba. Kuma ku bi ta hannun ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, ga ofishinta nan Maradi, sun fi mu sanin ƙofar da ake bugawa. Takardar mutum ɗaya aljihun tebur take kwana.

Ɗan Tarka:
Madalla. Ni zan ƙara abu ɗaya: na bana fa? Waɗanda wutar ta riga ta ci ba za su jira kasafin baɗi ba. A nemi a kai dusa da ƙuli a farashi mai rahusa yanzu, kusa da inda suke, kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshi. Na faɗa ne ina ɗan kasuwa.

Baba Malamin Daji:
Kuma bana ba ta ƙare ba, ɗana. Wuta tana tashi har Fabrairu da Maris. Inda bai ƙone ba yanzu ya fi kowane lokaci daraja, domin duk garken da ya rasa can zai taru, mutane su yi yawa, murhu ya yi yawa. A fara da nan. A cikin takardar ku sa a ba kowane kwamitin ƙauye waya da kuɗin kira da man babur. Awa ɗaya ta farko ita ce komai, wutar da mutum 10 za su kashe da hantsi, in ta kai azahar 300 ba sa iya mata. Kada kuma kowa ya kunna wutar tarye, wato wadda ake kunnawa gaban wutar don ta rasa abin ci, in ba wanda ya san aikin a wurin, na ga inda iska ta juya ta rutsa da masu kunnawar.

Ɗan Sabon Gari:
Wanda ya tada wutar fa, a bar shi?

Baba Malamin Daji:
Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi tara da ɗauri. Kamawar ce wuya. In yaron gida ne a rufa, in baƙo ne ya yi nisa. Kuma in aka tsananta, gobe wanda wuta ta kuɓuce masa zai gudu ne maimakon ya yi kururuwa a zo a taimaka. Na fi son a sassauta wa wanda ya kai labari da kansa.

Shugaban Zaure:
To, Mushe Ilu zai rubuta, Alhaji Kansila ya duba, a sa a nan kowa ya gani kafin a kai. Maganar masu amalanke a sa ta ko a bari?

Mai Amalanke:
A sa.

Jikan Ardo:
A dakata da ita. Ba ni da ikon amsa wannan ni kaɗai, sai na kai ma Ardo da dattawa, kuma na san tambayar da za su yi: in anka ba da izini bana, baɗi wa za ya iya hana su? Ranar kasuwa za mu haɗu. Mushe, ka rubuta sauran, ka bar gurbin wannan.